Tafiya Timiya da kwanan tanti, da jaririya da ɗan yaye: wa ya taɓa yi?

Maman Biyu, Garin Malam

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma don Allah wanda ya taɓa taka hanyar Abzin da kansa nake so ya amsa mini. "An ce, an ce" kam ya ishe ni a gida.

Maigidana ya ƙudura mu je Timiya, garin da ke cikin duwatsun Abzin arewa maso gabas da Agadas, a konjen (hutun makaranta) ƙarshen Disamba. Yayansa da ke aiki a Agadas ya ce zai ara mana kat-kat, wato motar shiga daji mai ja da ƙafa huɗu, da direban da ya san duwatsun, mu namu kawai mu kai kanmu Agadas da motarmu. Tsarinsa shi ne mu bar Damagaram bayan sallar asuba, mu bi Tanut da Adarbisinat, mu sauka gidan yaya mu huta, sannan mu hau dutse. A Timiya ba ya son gidan kowa, tanti yake so mu kafa a bakin garake, wai yara su buɗe ido da safe su ga dutse tsaye a kansu. In hali ya yi mu wuce kufan Asode har mu leƙa Iferuwan. Tantin ma ya riga ya sayo na hannu a kasuwar Dole, ya kafa shi a tsakar gida, ya hana kowa shanya.

Kada ku ɗauka jana ake yi, ni ma ina so. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa a CEG, wato ƙaramar sakandare. Duk shekara sai na rubuta wa yara a tablo cewa Idukal-n-Tagas da ke kan Bagzan shi ne wuri mafi tsawo a Nijar, mita 2,022, kuma gandun Abzin da Tenere ya shiga jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO a 1991, faɗinsa ya haura hekta miliyan 7. Ni kuwa dutsen da na taɓa hawa bai wuce na Birni ba. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata ko da gaske ruwa yana zubowa daga kan dutse a Timiya, na ce mata haka littafi ya ce, ajin duka ya kwashe da dariya.

To ga inda gizo ke saƙar. Ina da goyon ƴar wata bakwai, nono take sha, kwanan nan ta fara karɓar kunu. Sai wanta ɗan shekara biyu da rabi, wanda in ka ɗauke ido daga kansa sai dai ka tsince shi cikin randa ko bayan awaki. Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta ce mu bar mata su mu tafi duk inda za mu. Babban zai iya zama, ƙaramar fa? Da na ce haka sai ta ce to kowa ya zauna, ba a kai jinjiri bakin dutse da magariba, kun dai gane abin da take nufi.

Abin da nake son sani: sanyin can na dare jaririya za ta iya? Tsawon dutsen ba zai taɓa mata numfashi ba? Wane ruwa ake sha? Hanyar Agadas zuwa Timiya yaya take ga mai goyo? Kuma lafiyar hanya fa yanzu? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Zango

Wa alaikumus salam Malama. Ni albasa da lemo na yi ta ɗaukowa daga can kafin gwiwa ta zaunar da ni, saboda haka maganar hanya kawai zan yi, ta yara na bar wa mata.

Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Wani wuri gudron lafiya lau, wani wuri sai kin yi ta salati. Ku cika tanki a Tanut ko da bai yi rabi ba. Ku tashi da asuba ɗin nan da ya ce, kada a tsaya ana neman takalmin yaro har rana ta fito, don ku sauka gangaren Tigidit da sauran haske. Dare bai kamata ya same ku a hanya ba, ko a nan ko a can.

Wannan duk wasa ne. Agadas zuwa Timiya wajen kilomita 220 ne, amma kada maigida ya duba lamba ya ce awa uku. Yini ne. Da kun bar gudron sai tsakuwa, sai gargada, sai rairayin kori, wato busasshen rafi, sai hawa. Bayan Elmeki akwai wuraren da mota ke tafiya a hankali ƙwarai, kowa na riƙe da ƙarfe. Babba ma yana sauka da ciwon baya. Jaririya a cinya a wannan hanya ban yarda ba, burki ɗaya ko rami ɗaya ya isa ta kuɓuce. A nemo kujerar yara ta mota a ɗaure ta a baya, a sa zane a naɗe gefe da gefe don kai ya daina kaɗawa. Duk bayan awa biyu a tsaya, a fito da ita, ta sha nono a ƙasa ba cikin tafiya ba.

Taya biyu na safaya, ba ɗaya ba. Famfo, shebur, igiya. Ruwa a bido ya fi abin da kuke tsammani za ku sha, sau biyu. Rezon waya yana ɗaukewa a wurare da yawa, don haka a faɗa wa yaya lokacin da ake sa ran isa, in ya wuce bai ji ku ba ya san abin yi.

Mota ɗaya kuma kada ta tafi ita kaɗai da yara a ciki. Ku jira masu hawa Timiya ku bi ayari, ba a rasa su. Tun da aka samu zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014 arewa ta cika da motoci da baƙin fuska, masu tare hanya ma suka ƙaru. Labarin tsaro na wata uku da suka wuce ba shi da amfani, na satin tafiya ake nema, a bakin jandarma da direbobin tashar Agadas. In sun ce a dakata, a dakata. Sannan direba kada ya bar sawun da motoci ke bi don yanke, an binne nakiyoyi a Abzin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, mu da muka yi aiki a lokacin har yau ba ma sakin sawu.

Kuma kada ku kafa tanti a tsakiyar kori don rairayinsa ya yi laushi. Ruwa ba ya zuwa a Disamba, gaskiya ne, amma nan sanyi ke kwanciya da dare, nan kuma mota ke bi.

Anti Ungozoma, Karkada

Ƙanwata, bari in fara cire miki tsoro ɗaya. Tsawon dutse ba zai taɓa numfashinta ba. Ciwon ƙarancin iska sai an kai wajen mita 2,500 yake fara damun mutane, ke da kanki kin ce ƙololuwar ƙasar nan 2,022 ce, Timiya kuwa can ƙasa take da haka. Wannan ki ajiye shi gefe.

Sanyi ne abin dubawa. A Disamba da Janairu dare cikin duwatsun nan yana iya sauka kusa da sifiri, ba irin hunturun Damagaram ba ne da bargo ɗaya ke kashewa. Jariri yana zubar da ɗumin jikinsa da sauri fiye da babba, kuma ba zai ce miki yana jin sanyi ba, sai dai ki ga ya yi lakwas ya rage tsotso. Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙasa. Suna tula barguna a sama, a ƙasa tabarma ɗaya, alhali ƙasar ce ke shanye ɗumin. A shimfiɗa tabarma, a ɗora bargo, a ɗora katifa, sannan ku. Hula da safa, riguna marasa kauri guda biyu ko uku a jere sun fi ƙatuwar riga ɗaya. Ta kwana kusa da jikinki, a rigingine, fuska a buɗe, bargon manya kada ya hau kanta. In za ki duba ta ki sa hannu a ƙirji ko bayan wuya. Tafin hannu da ƙafa kullum sanyi suke, za su ruɗe ki.

Yanzu abin da nake so ki karanta wa maigida da babbar murya: ba a shiga da kaskon gawayi cikin tanti. Ko na minti kaɗan ne, ko wutar ta zama garwashi ba hayaƙi. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, a rufaffen wuri mutum barci kawai zai ji yana daɗa nauyi, kuma yara take fara kayarwa. Duk hunturu sai mun ji irin wannan a cikin gari ma, a ɗaki mai ƙofa da taga, balle tanti da aka ja zif. Haka murhun gaz. Girki da jin ɗumi a waje, kwana a ciki.

Ruwa: duk wanda zai shiga bakin yaran a tafasa shi, ko a jefa ƙwayar Aquatabs a jira minti 30. Har na wanke kofi da cokalin kunu. Nono shi ne rufin asirinki a tafiyar nan, ki ƙara ba ta, ke kuma ki yawaita shan ruwa, don iskar can busasshiya ce, ba za ki ji ƙishi ba sai leɓe ya tsage. Garin kunun ki tafi da naki daga gida wanda cikinta ya sani, kada ki gwada mata sabon abu a hanya.

A jaka: SRO, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da zinc da ake ba mai zawo kwana 10 zuwa 14. Sirop na parasetamol, ki je a auna nauyinsu a rubuta miki adadin kowa a jikin kwalba. Ma'aunin zafi. Ruwan gishiri na ɗiga wa hanci, saboda ƙura. Man kaɗe. Karnen riga-kafinsu ki duba shi tun yanzu. Ki tuna allurar ƙyanda sai wata 9, ita ba ta samu ba tukuna, kuma rani lokacin ƙyanda da sanƙarau ne. Kasuwa mai cunkoso da taron biki ba nata ba ne, ko a Agadas.

Alamun da in kin gani babu jiran safiya: ta ƙi nono sam, tana amayar da komai, jijjiga, barcin da ba ta farkawa da kyau, haƙarƙari na shigewa ciki in ta ja numfashi, ko numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya tana kwance shiru. Ga wanta 40 ne. Ki koyi ƙirgawa da agogon waya tun suna lafiya.

Ni ma'aunina ɗaya ne, awa nawa ke tsakanin tabarmarki da likita. Agadas ba ni da magana, ku je. Timiya akwai ƙaramin gidan likita, amma abin da ya fi ƙarfinsu yini guda ne a hanyar da Baba Direba ya kwatanta. Da sharaɗi zan ce to. Asode da Iferuwan da ƴar wata bakwai kuwa, a'a. Asode kufai ne, shekaru aru-aru yana nan, zai jira ta yi wayo.

Ƴar Agadas, auren Birni

Kai, kun tsorata baiwar Allah! Yaya, a Timiya ma haihuwa ake yi, ana goyo, ana yaye. Dangin mahaifiyata mutanen can ne, da goyon fari na je gaishe su cikin sanyi muka dawo lafiya. Abin da Anti ta faɗa gaskiya ne, ban cire ko ɗaya ba. Amma bambancin shi ne mu ba ma zuwa mu kwana a fili mu kaɗai kamar Nasara. Wannan ra'ayin maigidanki na "ba gidan kowa ba" shi ne ban so ba.

Ku sa yayansa ya haɗa ku da mai garka tun kafin ku taso. Ku kafa tantin a cikin shinge, kusa da ɗaki, in sanyin asuba ya yi yawa ke da yara ku shige ciki, shi ya zauna da dutsensa. Abzinawa ba sa ƙin baƙo. Ki riƙo sukari da ganyen shayi, da kilishi ko alkaki na Damagaram, za ki ga yadda za a karɓe ki. Matan gidan kuma su za su karɓi jaririyar ki samu ki miƙe baya.

Lokacin da kuka zaɓa yana da daɗi ta wani wajen, don lemo ya nuna. Za ki shiga garka ki ga lemon zaƙi da pampalemus sun sunkuyar da reshe, ga rumman, ga dabino a sama, kewaye kuma baƙin dutse ƙurmus ba ko ciyawa. Ana jan ruwa daga rijiya da raƙumi ko sa, dabbar ta yi gaba guga ya hau ya juye a kwararo, ta dawo baya ya sauka, yaro ɗaya ke kora ta. Ɗanki zai tsaya kallon wannan har ya manta da kuka.

To nan ne kuma hatsarinsa yake. Ni jaririyar ba ta dame ni ba, tana bayanki. Ɗan shekara biyu da rabin nan shi ne aiki. Rijiyoyin garka da yawa a buɗe suke, bakinsu daidai ƙasa. Wutar shayi kullum tana ƙasa, butar kuma ƙarama ce mai kyau, daidai abin da yaro zai kai wa hannu. Ga ƙaya. A sa masa takalmi rufaffe, a kakkaɓe shi kowace safiya saboda kunama, ko da yake da sanyi ba su cika fitowa ba. Ku raba aiki a fili: in ke kina da ƙaramar, uban ne da babban, ba "ai na ɗauka yana wurinki" ba. Ni da na je, ƙaramar ƙararrawar akuya wata gwaggona ta ɗaura wa ɗan ƙanwarta a ƙafa, muna ta dariya, amma duk inda ya nufa ana ji.

Ruwan da ɗalibarki ta tambaya yana nan, kafin a shiga gari in an fito daga Agadas. Bayan damina ne yake zuba da ƙarfi. A Disamba mai yiwuwa siriri za ki tarar, amma tafkin da ke ƙasansa yana nan cikin dutse. Ki ɗauka mata hoto. Kada dai a sa yara ciki, sanyinsa yana shiga ƙashi kuma yana da zurfi. Akwai kuma tsohon barikin da Faransawa suka gina a kan tudu, daga can ana ganin garin duka da korin da garake. Da goyo ana hawa, da la'asar, a hankali, ki ɗaure da majanyi biyu.

Abinci ba za ku sha wuya ba. Za a yi muku tagilla, gurasar da ake binnewa a rairayi da garwashi, a kakkaɓe a gutsuttsura a zuba miya, babban zai ci. Cuku ma ya ɗan tauna. Madarar akuya a tafasa kafin a ba shi, ko an ce yanzu aka tatso. Pampas kuma don Allah kada a jefar bayan shinge, awaki na ci su mutu. Ki zo da leda mai kauri ki ƙulle ki koma da su Agadas.

Kawun Yara, Sabon Gari

Ni tambaya ɗaya gare ni ga maigida: ya taɓa kwana a tantin? Tunda yana tsakar gida a kafe, ku shiga ku huɗu ku kwana daren Juma'a, ba komawa ɗaki, ba fanka ba lantarki, bayi da fitilar hannu. In kun wayi gari kuna magana da juna, sai ku ƙara nisa, ku je Mirya ku yini a garake ku kwana wajen ƴan uwa. In dutse ake so dole, ga Kutus can bayan Gure wajen Kelle, duk cikin jiharmu. Kada dai wani ya ce muku Termit don an mai da shi gandu a 2012, wannan rairayi ne da ba na masu goyo ba.

Kuma ku daina raina maganar Hajiya. Ita ta ce iskokai, Anti ta ce sanyin magariba, duk dai a shigar da yaro ciki kafin rana ta faɗi ne.

Maman Biyu, Garin Malam

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka, wurin gawayin har sau biyu, don ashe kaskon yana cikin lissafinsa.

Kawu, mun bi shawararka daren jiya. Ƙaramar ta yi barcinta lafiya a jikina, ita ce ma ba ta ba da wahala ba. Babban ne ya gano yadda ake jan zif. Cikin dare na farka na ga ƙofar tanti a buɗe, shi kuma yana tsaye wajen kejin kaji ba wando. Yanzu an sa ƙaramin kwaɗo a zif ɗin daga ciki, uban kuma shi zai kwana a bakin ƙofa. Maganar ƙasa da Anti ta yi ma mun gani, siminti ne amma kafin asuba sanyi ya huda tabarma, sai da na tashi na ninka bargo a ƙarƙashi.

Ga inda muka tsaya. Asode da Iferuwan an cire, ya yi ɗan gunaguni ya haƙura. Agadas za mu je in Allah ya yarda, ko ba komai in ga hasumiyar masallacin nan mai mita 27 da nake sa yara zanawa. Timiya sai in yaya ya samo mana ayari da mai garka, kuma labarin hanya na satin ya yi kyau. In bai yi ba, mu kafa tantin a gidan yaya. Hajiya ta sauko, da sharaɗin ƙanwar maigidan ta bi mu ta riƙe babban, wanda ni dama abin da nake roƙo ke nan ban san yadda zan faɗa ba.

Saura biyu. Kujerar yara ta mota a ina zan samu a Damagaram ba tare da an yanke ni ba? Kuma Baba Direba, ƙaramar butalin gaz ta kilo 6 za ta iya wannan gargadar, ko mu dogara da itace a can?

Tsohon Direba, Zango

Gaz ɗin ku tafi da shi, itace a can tsada gare shi kuma ba a son baƙo ya sari ice a gandu. A cire kan murhun, a tsayar da butalin a tsaye, a ɗaure shi da igiya a bayan mota inda rana ba ta dukansa, kada a kwantar. Ashana ta fi laita aminci da sanyin safe.

Kujera ki duba wajen masu kayan Kwatano, ko ki tambayi masu sayar da motocin da aka shigo da su, sau da yawa da ita suke zuwa a ciki su rasa yadda za su yi da ita. Ki ja maɗaurin da ƙarfi ki ga yana kamawa kafin ki biya. Kuma ki tambayi yaya ko kujerar baya ta kat-kat ɗin tana da bel, don da yawa an cire musu.